Na datse tsofaffin bulo amma faifai na ci gaba da cika: ina ruwan ragowar kuɗin walet da wannan?

Aminu Garba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masu gudanar da nod na Bitcoin a gida, wato kwamfutar da ke tantance hada-hadar Bitcoin da kanta. Na ɗora manhajar Bitcoin Core a wata ƙaramar kwamfuta wadda faifanta ba shi da girma, na sa prune=550, wato umarnin datse tsofaffin bulo (dunƙulallun hada-hadar da ake jerawa a sarƙar Bitcoin), kamar yadda ake ba da shawara. A fahimtata nod zai riƙe wajen megabait 550 ne kawai ya goge sauran. Da na duba, foldar bulo ta zama ƙarama kamar yadda aka ce, amma akwai wata folda mai suna chainstate da ta haura gigabait 10, kuma datsewar ko taɓa ta ba ta yi ba. Wani ya ce mini wai 'yan canjin da mutane ke bari a walet ɗinsu ne suka jawo haka. Ta yaya satoshi (mafi ƙanƙantar ɓangaren bitcoin) ɗari biyar na mutumin da ban sani ba zai ci mini wuri a faifaina?

Malam Sani

Wa alaikumus salam, Aminu. Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa bayanin ba.

Abu biyu nod ke ajiyewa, kuma ba iri ɗaya ba ne. Na farko tarihi: kowane bulo tun daga na farko na ranar 3 ga Janairu 2009 har zuwa na yau. Shi ne wanda ya haura gigabait 600, shi ne kuma datsewa ke gogewa. Tun sigar 0.11 ta shekarar 2015 Bitcoin Core ke iya yin haka. Nod zai sauke bulo duka, ya tantance su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zubar da tsofaffin ya bar aƙalla 288 na ƙarshe, wato na kwana biyu ke nan, saboda ko sarƙar ta sake jeri ya iya komawa baya.

Na biyu shi ne jerin duk wani gutsuren kuɗi da aka aika wa wani kuma bai kashe ba tukuna. Wannan shi ake kira UTXO, kuma shi ne ke cikin foldar da ta dame ka. Ba a datse shi, ba za a iya ba. Idan sabuwar hada-hada ta iso, da wannan jerin nod ke gane cewa kuɗin da ake son kashewa akwai shi kuma ba a riga an kashe shi ba. Ka cire layi ɗaya daga ciki, ranar da mai shi ya zo kashewa nod ɗinka zai ƙi bulon da kowa ya karɓa, ka fita daga sarƙar ke nan.

Ka ɗauke shi kamar littafin bashi. Shafukan da aka gama biya za ka iya yaga su ka jefar, amma layin da ba a biya ba dole ya zauna, ko da abin da ke kansa bai taka kara ya karya ba. Kuma layin satoshi 546 da layin bitcoin dubu kusan wuri ɗaya suke ci.

Fa'iza

Malam, a nan ne na ɗan ruɗe. Walet ɗina lamba ɗaya yake nuna mini. Ashe ba layi ɗaya ba ne nawa?

Hauwa'u Idris

A'a ƙanwata, lambar da kike gani jimilla ce kawai. A Bitcoin babu asusu mai ma'auni guda. Idan an turo miki kuɗi sau arba'in, gutsure arba'in gare ki, kowanne da layinsa a kowane nod na duniya. Idan kuma kika tashi biya, ba a yankar gutsure, gaba ɗayansa ake kashewa a maido miki da canji a matsayin sabon gutsure. Daga nan 'yan ragowar ke fitowa.

Inda matsalar take shi ne kashe gutsure ma kuɗi yake ci, kuma cajin ba ya duba yawan kuɗin da ke ciki, girman bayanin yake dubawa. Tsohon adireshi mai farawa da 1 yana buƙatar wajen baiti 148 kafin a kashe gutsurensa. Na SegWit mai farawa da bc1q 68 ne, na Taproot mai farawa da bc1p 57.5. Ki lissafa da kanki. A ce caji yana satoshi 20 kan kowane baiti, kashe gutsure ɗaya na bc1q zai ci satoshi 1,360. Idan satoshi 1,000 ne a cikinsa, saka shi a hada-hada asara ce, gara a bar shi. Sai a bar shi ɗin. Mai walet ya manta da shi, nod kuwa ba shi da damar mantawa.

Wannan shi ake ce wa ƙura. Lambar 546 da kuke yawan ji ba daga sama ta faɗo ba: baiti 34 na ƙirƙirar gutsuren, da 148 na kashe shi, 182 ke nan, sau satoshi 3. Ga bc1q iyakar 294 ce, ga Taproot 330. Abin da ya gaza haka nod na Bitcoin Core ba ya isar da shi ga sauran.

Fa'iza

Na gode Yaya Hauwa. To 'yan ragowar da ke cikin asusuna na dandalin saye da sayarwa fa, irin waɗanda ake ce ka juya su zuwa wani kuɗin?

Hauwa'u Idris

Waɗannan ba su shafi sarƙar ba sam. Lambobi ne a rumbun bayanan kamfanin. Ki juya su ko ki bar su, babu abin da zai ƙaru ko ya ragu a faifan Aminu.

Nura A.

Ni dai ina ganin ana ɗora wa talaka laifin da ba nasa ba. Walet na zamani ba ya barin irin wannan canjin. Idan canjin ya yi ƙanƙanta, haɗa shi yake yi da caji ya bar wa masu haƙa, wato masu samar da sabbin bulo. Bitcoin Core ma tun sigar 0.17 yana fara neman haɗin gutsattsarin da zai biya daidai ba tare da canji ba, aikin Mark Erhardt ne. To in haka ne, daga ina miliyoyin layukan nan suka fito?

Injiniya Bashir

Tambayar Nura ita ce ta kai mu ga ainihin wurin. Canjin masu amfani na yau da kullum yana ciki, amma ba shi ya kumbura jerin ba.

Akwai tsohuwar ƙura ta 2015, lokacin da aka yi ta cika hanyar sadarwar da ƙananan hada-hada da sunan gwajin ƙarfinta. A watan Yuli na shekarar wani rukunin masu haƙa ya share wani ɓangare nata da hada-hada guda wadda ta kusa cika bulo gaba ɗaya. Amma babban tsallen daga 2023 ya zo. A watan Janairu Casey Rodarmor ya fito da Ordinals, a watan Maris aka fara BRC-20, tsarin ƙirƙirar tokin ta hanyar Ordinals, mutane suka shiga rubuta hotuna da ƙananan rubutu a kan sarƙar. Cikin abin da bai kai shekara biyu ba yawan layukan UTXO ya kusa ninkawa, ya wuce miliyan 160, foldar da a da ba ta wuce gigabait biyar ba ta kai inda Aminu ya gan ta.

Ku lura da wani abu a nan, domin mutane da yawa suna cakuɗa shi. Hoton da aka rubuta ta Ordinals yana cikin sashen shaida na hada-hadar ne, wato cikin bulo. Nod mai datsewa yana goge shi tare da bulon, ba ya damun kowa bayan kwana biyu. Abin da ke zama shi ne ɗan gutsuren da hoton ke rataye a kai, sau da yawa satoshi 546 ko 330. Mai shi ba zai haɗa shi da sauran kuɗinsa ba, domin idan ya yi haka zai iya rasa hoton. Idan kuma kasuwar abin ta mutu, ba zai biya caji don ya share shi ba. Ta kowane ɓangare layin yana nan.

Wanda ya fi wannan muni shi ne Stamps, wata hanyar rubuta bayanai a kan sarƙar. Su da gangan suke cusa bayanin a wurin da makullin jama'a ya kamata ya zauna, a cikin gutsuren kansa, don kada a iya datse shi. Makullan na bogi ne, amma nod ba shi da hanyar tabbatar da haka, don haka dole ya riƙe su. Wannan ne abin da ke ci mini rai, saboda akwai hanya mai tsafta tun 2014. Duk abin da aka sa a OP_RETURN, wani gurbin ajiye bayani a cikin hada-hada, an san ba za a taɓa iya kashe shi ba, don haka ba ya shiga jerin UTXO ko kaɗan, yana tafiya da bulonsa. Runes, wani tsarin tokin da aka ƙaddamar a bulo na 840,000 a watan Afrilun 2024, ta wannan hanyar ta bi.

Nura A.

To Injiniya, tunda kowa ya yarda shara ce, me ya hana a share ta? A kafa doka: duk gutsuren da ya gaza satoshi dubu ɗaya kuma ya shekara goma ba a taɓa shi ba, a cire shi daga jerin. Ba sabon abu ba ne, wasu sarƙoƙin kuɗin suna yin irinsa. A Ergo idan kuɗi ya shekara huɗu bai motsa ba, masu haƙa suna da damar cire kuɗin ajiya daga cikinsa, idan bai kai ba su ɗauke shi duka. A Polkadot asusun da ya faɗi ƙasa da mafi ƙarancin da aka sa goge shi ake yi. XRP tana tilasta ka bar ajiya kafin asusunka ya buɗe, daga XRP 10 suka rage zuwa 1 a watan Disamban 2024. A Solana kowane asusun tokin yana riƙe wajen 0.002 SOL, kana rufe shi a maido maka. Duk sun gane cewa wurin ajiya ba kyauta ba ne. Bitcoin ce kaɗai mutum zai biya sau ɗaya, dubban mutane su ɗauki nauyinsa har abada.

Malam Sani

Nura, ban yarda da kai ba, kuma ina so ka saurare ni da kyau domin wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Waɗancan da ka lissafa, duk wanda ya shige su ya san sharaɗin tun ranar farko. Ya karanta, ya amince, ya sa kuɗinsa. Wanda ya ajiye bitcoin kuwa alƙawari ɗaya aka yi masa: muddin makullinka na hannunka, kuɗinka na nan, ko bayan shekara nawa ka dawo. Abin da kake kira sharewa, a wurin mai gutsuren ƙwace ne. Ba ka san ko wane ne ba, ba ka san ko yana kurkuku ba ne, ko yana jinya, ko ya bar wa 'ya'yansa takardar makullin ba su buɗe ba tukuna.

Sannan wa zai yanke iyakar? Ka ce satoshi dubu. A 2010 an ba da bitcoin dubu goma a kan fiza biyu. Da a lokacin aka zauna yanke abin da ya cancanci a kira shara, wace lamba kake jin za a sa? Abin da ba ya biyan cajin kansa yau zai iya biya gobe, ko don caji ya sauka ko don darajar ta hau. Ni da idona na ga lokutan da caji ya sauko satoshi ɗaya kan baiti, gutsuren 546 na bc1q ya koma kuɗi mai kyau, ka kashe 68 ka tsira da sauran.

Kuma ranar da aka amince cewa akwai kuɗin da jama'a za su iya haɗuwa su soke, an buɗe ƙofar. Gobe wani zai kawo nasa dalilin, kuma dalilinsa zai yi kama da mai kyau.

Nura A.

Na ji Malam, kuma ina girmama wannan ra'ayin. Amma akwai wanda ba ka ambata ba, shi ne irin su Aminu. Datsewa an kawo ta ne don mai ƙaramar na'ura ya iya tantance kuɗinsa da kansa ba sai ya dogara da kowa ba. Idan ɓangaren da ba ya datsuwa ya ci gaba da girma, wata rana sai mai babbar na'ura ne kaɗai zai iya. Ka kare haƙƙin mai satoshi 330 da wataƙila ya manta da su, ka kori wanda ke tsaron dokar da ke kare su. Idan nod ya koma hannun kamfanoni kaɗan, wannan alƙawarin da kake magana a kai wa zai riƙe shi?

Hauwa'u Idris

Nura yana da hujja a nan, kuma zan ƙara masa ƙarfi kafin in rage masa.

Gigabait goma ko sha biyu a faifai ba shi ne ciwon ba, faifai ya yi arha. Ciwon shi ne yadda ake amfani da jerin. Tarihin bulo rubuta shi ake yi a jere a ajiye. Jerin UTXO kuwa kowace hada-hada sai an laluba cikinsa, a nemo layi daga ko'ina, a goge, a rubuta sabo. Bitcoin Core yana ajiye shi a rumbun bayanai na LevelDB, yana riƙe wani ɓangare a RAM, kuma shekara da shekaru megabait 450 ne aka yi ta ware masa idan ba ka canza saitin dbcache ba. Lokacin da jerin yake ƙarami, kaso mai kyau nasa yana shiga RAM. Yanzu ɗan kaɗan ne ke shiga, sauran sai an je faifai. Shi ya sa masu ƙananan na'urori irin Raspberry Pi ke ganin saukarwar farko tana gudu lafiya har ta iso bulolin 2023, daga nan sai ta koma rarrafe. Wanda ke amfani da tsohon faifai mai juyawa maimakon SSD shi ya fi shan wuya.

Inda na rabu da kai shi ne cewa sai an ƙwace kafin a magance. A 2019 Tadge Dryja na MIT ya fitar da Utreexo. A tsarinsa nod ba ya riƙe jerin, wasu 'yan tushen lissafi kawai yake riƙewa da ba su wuce kilobait kaɗan ba. Mai son kashe gutsure shi ne zai zo da hujjar cewa gutsuren yana ciki. Ka ga nauyin ya koma kan mai kuɗin, ba tare da an taɓa ko satoshi ɗaya nasa ba. Ba kyauta ba ne, hujjojin suna ƙara yawan bayanin da ake saukewa, kuma ana buƙatar wasu nod masu riƙe komai su zama gada tsakanin sabon tsarin da tsohon. Amma ba ya buƙatar a canza dokar Bitcoin.

Aminu Garba

Yaya Hauwa, na ji ana maganar AssumeUTXO. Shi ma wannan aikin yake yi?

Hauwa'u Idris

A'a, shi jira yake ragewa. Kana ɗora hoton jerin kamar yadda yake a wani bulo, a sigar 28 ta Bitcoin Core an sa na bulo 840,000, sai nod ya fara aiki daga nan yayin da yake tantance tarihi a bayan fage. Jerin bai ragu da ko layi ɗaya ba. Hasali ma kafin tantancewar ta ƙare jeri biyu kake riƙe da su, don haka ka tanadi wuri.

Usman Ɗanjuma

Ku yi haƙuri in shigo da Ethereum, domin wasu na cewa tsarin asusu ba shi da wannan matsalar. Gaskiya ne cewa ko sau ɗari aka turo maka ETH layinka ɗaya ne, wannan ya fi sauƙi. Amma asusun da ya taɓa aika hada-hada ko sau ɗaya yana nan a cikin bayanan da nod ke riƙewa, ko da ka kwashe komai. Tokin kuma kowane mai riƙe da shi yana da gurbinsa a cikin kwangilar. Idan ma'auninka ya koma sifili gurbin yana gogewa, idan ka bar ɗan ɓurɓushi yana nan daram.

Sun taɓa yin sharewa. A kakar 2016 wani maharin ya ƙirƙiri miliyoyin asusun banza da kuɗi kaɗan, sai a watan Nuwamba aka kawo gyaran Spurious Dragon da EIP-161 aka buɗe hanyar goge su. Amma ku duba sharaɗin: asusun da babu kuɗi, babu kwangila, bai kuma taɓa aika komai ba. Ba su taɓa na kowa ba. Maganar a sa wa bayanai wa'adi an daɗe ana yinta a can, har yau ba a aiwatar ba. Abin da suka iya ragewa shi ne tsohon tarihi, wato daidai abin da datsewar Bitcoin ke yi.

Malam Sani

Madalla Usman. Nura, ka ga ko waɗanda suka fi mu saurin canza doka, da suka zo kan kuɗin mutane sai suka tsaya.

Nura A.

Na gani Malam. To bar maganar abin da ya wuce. A ɗaga iyakar mana don na gaba. Me ya sa har yanzu 546 da 330?

Injiniya Bashir

Domin iyakar ba dokar sarƙa ba ce, Nura, tsarin isar da saƙo ne kawai na kowane nod. Bulon da ke ɗauke da gutsuren satoshi ɗaya halastacce ne, kowane nod zai karɓe shi. Idan ka ɗaga iyakar a nod ɗinka, mai son yin ƙura zai miƙa hada-hadarsa kai tsaye ga mai haƙa ya biya shi, kuma akwai masu haƙa da ke karɓar irin wannan a fili. Kai da ka ƙi isar da ita, za ka ajiye ta dole idan ta shigo cikin bulo. Wanda zai sha wahalar sabuwar iyakar shi ne mai ƙaramin biya na gaskiya.

Wannan tunanin ne ya sa a sigar 30 ta watan Oktoban 2025 aka buɗe iyakar OP_RETURN sosai daga baiti 80 da aka saba. Masu goyon baya suka ce tunda ba za a iya hana mutane cusa bayanai ba, gara su cusa inda za a iya datsewa. Masu adawa, da yawansu masu amfani da Bitcoin Knots, wata manhajar nod dabam, suka ce wannan gayyata ce ga masu cika sarƙar da abin da ba kuɗi ba. An yi zazzafar jayayya, har yanzu ba ta lafa ba. Ni ina tare da na farko, saboda dalilin da Aminu ya buɗe zancen nan da shi: abin da ya shiga bulo yana wucewa, abin da ya shiga jerin UTXO yana zama.

Wani gyaran da ya burge ni shi ne na sigar 29. An yarda hada-hada ta ƙirƙiri ƙura guda ɗaya, da sharaɗin ita kanta ba ta biya caji ba kuma wata hada-hadar da ke tare da ita ta kashe ƙurar nan take. Mai haƙa ba shi da ribar ɗaukar ta farko ba tare da ta biyu ba. An yi shi ne saboda tsare-tsare irin na Lightning, hanyar biya cikin sauri da aka gina a kan Bitcoin.

Aminu Garba

Na fahimta sosai yanzu, Allah ya saka da alheri. To ni a matsayina na mai walet, akwai abin da zan yi? Na duba nawa na ga ƙananan gutsattsari da yawa. In haɗa su duka in tura wa kaina?

Malam Sani

Ka haɗa, amma ka zaɓi lokaci. Ka jira sai layin jira ya yi sauƙi caji ya sauko ƙasa sosai, ka tura su zuwa adireshinka na bc1q ko bc1p a hada-hada guda. Gutsure talatin sun koma ɗaya, ka rage wa kowane nod layi ashirin da tara, kai ma ka tsira daga ranar tsada. Wanda ya ga abin da ya faru ranar da aka ƙaddamar da Runes, caji ya haura satoshi dubu kan baiti, ya san abin da nake nufi. A irin wannan ranar gutsuren satoshi 50,000 ma bai isa ya biya kuɗin kashe kansa ba. Kuma ka daina cire kuɗi kaɗan-kaɗan zuwa walet, ka bari ya taru.

Injiniya Bashir

Tsaya Aminu, kafin ka danna komai. Shawarar Malam daidai ce amma tana da sharaɗi. Duk gutsattsarin da ka haɗa a hada-hada ɗaya, ka shaida wa duk mai bin sawu cewa mutum ɗaya ne ke da su. Idan ɗaya ya fito daga dandalin da ya san sunanka, sauran ma sun ɗauki sunanka.

Sannan ka duba ko akwai wanda ba ka san daga inda ya zo ba, musamman satoshi 546 daidai ko kusa da haka. Akwai masu watsa ƙura ga dubban adireshi da gangan, suna jiran walet ya haɗa ta da sauran kuɗin don su gane adireshin da ke hannun mutum ɗaya. An yi wa masu Litecoin irin wannan a watan Agustan 2019. Walet irin Electrum da Sparrow suna ba ka damar zaɓen gutsure da hannu, kana iya daskarar da wanda kake zargi. Ka haɗa waɗanda asalinsu ɗaya ne, ka bar baƙon a inda yake.

Nura A.

Wato Injiniya, shawarar da ta fi kare mutum ita ce ya bar ƙurar a jerin har abada. Amfanin mutum ɗaya da amfanin jama'a sun yi karo ke nan.

Injiniya Bashir

A wannan wurin sun yi karo, ban musa ba. Akwai mafita ga wanda ya iya: ya kashe baƙon gutsuren shi kaɗai, ba tare da ya haɗa shi da komai ba, ya bar kuɗin duka a matsayin caji, fitarsa ta zama OP_RETURN. Layin ya goge, ba a alaƙanta shi da sauran kuɗinsa ba. Sai dai yawancin walet ba su sauƙaƙa wannan ba, kuma sai caji ya yi ƙasa sosai zai yiwu.

Fa'iza

Waɗanda makullinsu ya ɓata fa? Ko mai su ya rasu ba wanda ya sani?

Hauwa'u Idris

Suna nan, kuma za su ci gaba da zama. Nod ba ya iya bambance wanda ya ɓata da wanda mai shi ke haƙuri. Akwai dubban gutsattsari na bitcoin 50 daga 2009 da 2010 da ba su taɓa motsi ba. Bitcoin 50 na bulon farko su ba sa cikin jerin ma, yadda aka rubuta manhajar ba za a iya kashe su ba. Amma mutane sun daɗe suna tura ƙananan kuɗi zuwa adireshin da ke da alaƙa da wannan bulon don girmamawa, kuma kowane ɗaya daga cikinsu layi ne a faifan Aminu.

Takardar Satoshi Nakamoto ta 2008 ta yi maganar maido da wurin ajiya a sashe na bakwai, kuma abin da ta ce a zubar shi ne hada-hadar da aka riga aka kashe. Wanda ba a kashe ba tun farko ba ya cikin lissafin zubarwa.

Aminu Garba

To zan bar wa chainstate wuri isasshe, in ƙara dbcache tunda ina da RAM. Akwai wani tsohon walet da nake son ɗorawa a nod ɗin don in ga ragowar da ke ciki in haɗa su.

Malam Sani

A nan ka yi hattara. Nod mai datsewa ba zai iya binciko tarihin tsohon walet ba, domin bulolin da hada-hadarsa ke ciki an goge su. Idan ka ɗora shi zai ce maka sai an sake sauke sarƙar daga farko. Abin da za ka iya yi ba tare da wannan ba shi ne umarnin scantxoutset, ka ba shi adireshin ko bayanin makullan jama'a na walet ɗin, ya laluba jerin UTXO ya nuna maka abin da ya rage da adadin kowane gutsure. Tarihin ba zai fito ba, amma ragowar za ta fito. Ka fara da wannan, ka ga ko abin da ke ciki ya kai a biya masa caji. Kuma kada ka liƙa makullin sirri ko kalmomin walet ɗinka a nan ko a saƙon kowa, ko da wani ya ce zai taimaka maka.

Nura A.

Yaya Hauwa, ina so in gwada Utreexo in gani da idona kafin in sauka daga ra'ayina. Akwai manhajar da ke aiki da shi yanzu?

Hauwa'u Idris

Akwai utreexod, akwai kuma Floresta. Duka biyun ana kan gina su ne, don haka ka fara a hanyar gwaji ta signet, kada ka ɗora kuɗinka na gaske a kai tukuna. Idan ka kunna, ka duba yawan bayanin da yake saukewa a kowane bulo ka kwatanta da na Core, ka kawo mana lambobin a nan.